Shekarar da Muka Yi Daɓe da Ƙasari

Bana ruwan shuka ya sauka da wuri. Aka shuka, gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sannan sama ta ɗauke. Yau kwana goma sha tara ina ƙirgawa. Kullum da la'asar sai hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi, mu koma ɗaki da zufarmu. Matan gidan nan suna ta mitar layin famfo, amma in sun gama wanke-wanke sai su ɗaga roba su sheƙar da ruwan a tsakar gida. Ni kuwa duk sanda na ji wannan ƙara, sai wata shekara ta faɗo mini a rai. To ku matso kusa ku ji inda abin ya samo asali, don waɗanda muka gani tare duk sun riga ni.

An kawo ni wani ɗan ƙauye kusa da Toranke ina da ƙuruciya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutane na ce masa Dogo, don in zai shiga zaure sai ya sunkuya. Bakina dai bai taɓa kiran sunansa ba. A gidan akwai mahaifiyarsa, kowa Inna yake ce mata. Ita ce uwar daɓe a duk yankin. In za a daɓe ɗaki, ita ke zaɓen tsakuwa, ita ke jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake yayyafa ruwansa don ƙasa ta yi ƙarfi ta yi sheƙi, ita ce kuma ke ba mata waƙa suna bugawa da madaɓi.

Shekarar da aka gama yaƙin basasa, wani mutumin ƙauyen ya dawo daga soja. Kofur muke ce masa. Abin da ya dawo da shi akwatin ƙarfe ne da ɗingishi da wani ƙaton ƙwallo mai ruwan ƙasa. Da aka gama girbi, ya kafa azara biyu a masussukar da ke bayan dangarmu, ɗaya gabas ɗaya yamma, ya sa maƙeri ya lanƙwasa masa ƙarfe kamar bakin kwando, ya ɗaure a sama. Ya ce wannan shi ne ƙwallon kwando, a bariki ya koya. Ya tara samari da magidanta, ya nuna musu yadda ake buga shi da ƙasa ya dawo hannu. Ya buga. Ƙwallo ya nutse a rairayi ya zauna. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta mayar da abin da aka ba ta.

Washegari sai ga shi ya yi sallama ya durƙusa gaban Inna.

"Inna, daɓe nake so."

"Aure za ka yi, Soja?"

"A'a, fili za a daɓe mini. Masussuka."

"Masussukar duka? Wa zai kwana a kai, aljanu?"

"Ƙwallo ne zai yi tsalle a kai, Inna."

Ta dube shi ta ce, "Lallai yaƙin nan ba ƙafa kaɗai ya taɓa maka ba." Amma ta yarda, don Inna ba ta taɓa jin an ce ga wurin da ya fi ƙarfin madaɓinta ta yi shiru ba.

Maza suka yi ta jido tsakuwa da jar ƙasa a kan jakuna, suka baje, suka ba mu wuri. Mu mata muka fito da sassafe, muka jera gwiwa a ƙasa. Shekarar ruwa ya yi yawa, kududdufi cike, ko kulawa ba ma yi da abin da muke kwararawa. Kwana huɗu muna bugu, Inna na waƙa muna amsawa, rana ta biyar aka sa makuba. Da ya bushe Kofur ya zo ya buga ƙwallonsa, ya dawo masa har ƙirji. Ya yi ta dariya shi kaɗai kamar wanda aka yi wa bushara.

Haka aka kafa 'Yan Masussuka. Manoma ne su takwas, maigidana a tsakiyarsu. Mu kuma daga cikin gida muke leƙe, kowace ta ɓula ɗan wurinta a jikin danga.

Kakar farko suka gayyato malaman makaranta daga Gaya. Waɗannan da takalman roba suka zo da gajeren wando, namu kuwa ƙafa a ƙasa, an naɗe wando zuwa gwiwa. Ban san lissafin wasan ba, amma na san ihu, kuma duk ihun na baƙi ne. Maigidana in ƙwallo ya zo hannunsa sai ya rungume shi kamar kabewa ya ruga, a tsayar da shi, ya tsaya yana tambayar laifin me ya yi. Da ya shigo gida Inna ta ce, "Kwana biyar na ci gwiwata don a zo har gida a yi muku wannan?" Bai ci tuwo ba ranar.

Kaka ta biyu gyaɗa ta yi kyau, rumbu ya cika har an yi ƙari. Muka sabunta daɓe, mata na rububin zuwa don ana dama fura a raba. Kofur ya hana su rungumar ƙwallo, ya sa su jifa daga fitowar rana har hantsi. Suka ci mutanen Balan, da su ma wani malami ya koya musu, suka je can suka sake cin su. Gaya ta zo ta ci mu, amma sai da gumi ya jiƙa musu riga. A shekarar ne maigidana ya gane amfanin tsawonsa. Sai ya tsaya ƙarƙashin ƙarfe ya ɗaga hannu, duk abin da aka jefo ya tare.

Kaka ta uku damina ta yi gajarta, gero ya ba da rabi. Ba a dama fura ba wajen daɓe, amma an yi shi. A shekarar suka taka har Gaya da ƙafa, suka ci malaman nan a filinsu na siminti. Da suka dawo yara suka tarye su tun daga bakin gonaki. Inna ta yi guɗa sau uku, ita da ba ta yi wa kowa guɗa sai amarya.

Sai shekara ta huɗu ta zo, wadda har yau in an ce shekarar fari kowa ya san ta.

An shuka sau uku. Na farko ya tsiro ya ƙone. Na biyu ko tsirowa bai yi ba. Na uku ya kai ƙugu, ya fara fitar da kai, ruwa ya ɗauke gaba ɗaya, ya bushe a tsaye. Kaka ta zo babu abin sussukawa, babu wanda ya ko tuna da ƙwallo. Fulanin da ke mashekari kusa da mu suka kora abin da ya rage musu suka yi kudu. Kududdufi ya tsage. Rijiya ɗaya ta rage a ƙauyen, ita ma sai da asuba take tara ɗan ruwa ja, mai unguwa ya tsaya a kai ana raba wa kowane gida tulu ɗaya, sai kuma gab da magariba a sake samun kaɗan. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, daga baya ya koma kunu. Muka ci busasshiyar tafasa da dusa. Da bazara ta shigo ɗorawa ta ɗan yi 'ya'ya, muka riƙa dama garinta muna ba yara, bakinsu ya yi rawaya, cikinsu ya kumbura. Zafi kuwa, in ka taka ƙasa da azahar sai ka ji har cikin kanka. Awaki suka ci tsumma, suka ci ɓawon itace, suka ci igiyar da aka ɗaure su da ita.

A ɗakin Inna akwai damin gero biyu rataye a sama, zaɓaɓɓun zangarniya daga shekarar da ta yi kyau. Shi ne irinmu, shi kaɗai ya rage. Wata rana da hantsi maigidana ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ce, "Inna, in watan nan ya mutu ba a sami wata hanya ba, za a sauke damin nan a ci. In ya ƙare mu bi mutane kudu."

"In an ci iri, me za a shuka?"

"Wanda ya rayu shi zai yi wannan tambayar, Inna."

Duk wanda ya ci irinsa a shekarar ya tafi, kuma ba mu ga dawowarsu ba.

Cikin wannan hali ne saƙo ya zo wa Kofur. Wani da suka yi soja tare yana horar da 'yan wasan wata masaƙa a Kano. A can, wai, ɗan wasa ma'aikaci ne: da safe ya taɓa aiki, da yamma ya yi wasa, ƙarshen wata a sallame shi. Mutumin ya ji labarin dogon da ya hana Gaya sakat, ya ce ranar Asabar ta sama zai biyo ta Gaya ya ɗebo 'yan wasan can a motarsa, a buga a filinmu ya gani da idonsa.

Filin kuwa ya fi shekara ba a taɓa shi ba. Ya tsattsage, rairayi ya rufe rabinsa. Kofur ya je gun mai unguwa neman ruwan daɓe.

"Kofur, kana cikin hankalinka? Mutane na jiran guga da ƙishi, in ba ka ruwa ka zuba wa ƙasa?"

"Ranka ya daɗe, in an ɗauki mutum ɗaya, gida guda ya tsira."

"Ko ɗigo ba zan ƙara wa kowa ba. Tulun gidanku naku ne, ku yi abin da kuka ga dama da shi."

Gaskiyarsa ce, babu wanda ya ga laifinsa. Da labari ya iso gidanmu, Inna ta zauna tana jujjuya madaɓinta a hannu. A nan ne ni, da ban cika magana a gabanta ba, na ce, "Inna, ai ƙasa ba ta san ruwa mai tsabta ba. Ruwan wanke tukunya fa? Da ƙasari?" Ƙasari shi ne ruwan da aka wanke hatsi da shi, wanda a da awaki ake ba.

Ta ɗago ta dube ni. "'Yar nan, ashe akwai kai a ƙarƙashin ɗankwalin nan."

Magana ta zaga gidaje. Kwana shida babu matar da ta zubar da ko ludayi guda. Ruwan wanke tukunya da gishirinsa da kanwarsa, ƙasari, ruwan wankan jarirai, har wanda ya zuba daga alwala a tara a ƙwarya, duk a kawo gidanmu a juye a randuna. Warin tsami ya cika gidan. A ciki Inna ta jiƙa makuba. Ranar Laraba da Alhamis muka yi bugu. Babu waƙa, don babu mai yawun yin ta. Sai ƙarar madaɓi kawai, da numfashi. Mace ta buga goma ta tsaya jiri ya wuce. Amma daɓen ya yi, ya kwanta sumul. Aka jera 'yar ƙaya a gefe kamar yadda aka saba, don kada yara su taka.

Abin da ya saba hana yara bai hana yunwa ba. Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci a Ajingi, mu kuma muna cikin ɗakuna muna gudun rana. Awakin ƙauyen suka ji ƙanshin gero da gishiri yana tashi daga ƙasa. Da na fito bayan azahar na leƙa ta danga, sai na gan su, sun fi ashirin, sun tsallake ƙaya, sun durƙusa a kan daɓen kamar masu neman gafara, suna lasa, suna kankara da haƙori. Gefen gabas, tun daga ƙarƙashin ƙarfe har kusan tsakiya, duk ramuka.

Na yi ihu, na kore su, na zauna a wurin na rasa hawayen kuka. Shekara uku muna daɓe da ruwan kududdufi akuya ba ta taɓa kallonsa ba. Ni na kawo shawarar. Da Inna ta zo ta gani, na ce, "Inna, ni na jawo."

"Ke kika faɗa, ni na jiƙa. Ni da na yi furfura a kan daɓe ban tuna akuya na da hanci ba. Tashi, kada rana ta kashe mini ke."

Randuna babu ko ɗigo. Baƙo gobe. Da asubar Asabar aka raba ruwa, na kawo tulunmu. Inna ta ɗebi moɗa biyu ta ajiye wa yara, ta ce in ɗauki sauran in biyo ta. Maigidana ya tare ƙofa.

"Inna, wannan na sha ne."

"Na sani. Azumi bai taɓa kashe ka ba. Matsa."

Muna cikin cike ramuka sai ga matar Kofur da tulunta. Sai ga wata, sai ga wata. Babu wadda aka aika wa. Kowace ta rage wa yaranta, ta kawo sauran. Muka buga har hantsi ya ɗaga. Wurin ya rufe, amma ɗanye ne, in ka danna da yatsa sai ya shiga.

Da azahar mota ta iso. Aka shimfiɗa wa baƙon tabarma a inuwar zaurenmu, ina jin komai ta bayan danga. Mutum ne kakkaura mai takalmin fata. Aka gaisa, ana jiran ruwan baƙo. Mai unguwa ya aika gidansa a kawo. Ɗan aiken ya dawo ya ce uwargida ta ce babu.

"Babu kamar yaya? Da hannuna na cika tulun nan!"

"Ta ce yana masussuka, ranka ya daɗe."

Inna ce ta fita da moɗa ɗaya daga cikin na yara, rabi, ja kamar kunun kanwa, ta durƙusa ta ajiye. Baƙon ya duba moɗa, ya duba Kofur.

"Kofur, me ke faruwa a garin nan?"

Kofur ya faɗa masa duka, har awakin. Mutumin bai yi dariya ba. Ya taɓa ruwan da leɓensa, ya miƙa wa Inna ya ce, "Na sha, Inna. A mayar wa yara." Da la'asar da zai shiga filin ya duba, sai ya tsaya a gefe ya cire takalmansa.

Aka fara. A gefen yamma ƙwallo na tashi, a gefen gabas in an buga sai ya mutu a ƙasa. 'Yan Gaya suka yi ƙorafi, baƙon ya ce, "Fili ɗaya ne ga kowa, ku ci gaba." Kofur na ta ihu daga gefe, "Kada ku buga a ɗanye! Ta sama! Ku ba Dogo ta sama!" Da farko abin ya yi. Maigidana na tarewa, yana miƙawa, yana sakawa. Aka juya, namu suka fara ja da baya. Mutanen da tun asuba ba su sa komai a baki ba, ga su da wata da watanni a kan kunu. Na ga maigidana ya fara tangaɗi. Ya yi tsalle ɗaya ya sauko a kan gwiwa, ya tashi. Ya sake, bai tashi ba. Aka janye shi gefe ya zauna, kansa tsakanin gwiwoyi. Gaya ta ci.

Na bar jikin danga na shiga ɗakin Inna, na tsaya ina kallon damin nan biyu. A raina na ce shi ke nan, gobe ni zan sussuke su da hannuna.

Ina nan tsaye na ji muryar baƙon daga waje.

"Dogo, kana da wata riga ban da wannan?"

"Akwai ɗaya, ranka ya daɗe. Amma ai ka ga yadda na faɗi."

"Na gani. Wannan ba rashin iyawa ba ne, rashin tuwo ne. Tuwo kuwa muna da shi. Je ka ɗauko rigar."

Kafin magariba motar ta tashi da shi. Ko sallamar kirki ba mu yi ba, ya dai tsaya a ƙofa ya ce mini, "Ki kula da Inna." Ya ce wa Inna, "Kada a sauke." Ta ce, "Wa zai sauke? Tafi."

Sauran kwanakin su ne mafi tsanani, ba zan ɓoye muku ba. Inna ta sa wa ɗakinta kwaɗo ta ɗaure mabuɗin a bakin zaninta, don ta ce ko kanta ba ta yarda da shi ba. Mako uku da kwana biyu muna kan garin ɗorawa da tafasa. Sannan ranar kasuwar Ajingi wani mai jaki ya yi sallama da buhun dawa, ya ce daga Kano. Inna ta sa aka kira duk matar da ta kawo tulunta, kowace ta tafi da ƙwarya cike.

Shekara shida ya yi yana yi wa masaƙar nan wasa. Ta farko a benci ya ƙare ta, yana koyon gudu da takalmi. Ta biyu da ta uku ba a fara wasa babu shi, har Kaduna da Ikko an kai su. Daga nan gwiwar da ya faɗi a kanta ta fara yi masa magana, ya yi ta lallaɓawa har ta ƙi, ya dawo gona. 'Yan Masussuka kuwa ba su sake bugawa ba. Uku sun tafi kudu, babu dogonsu, Kofur ya ce ba zai sake roƙon mata gwiwarsu ba.

Amma a waccan shekarar, wata guda bayan zuwan buhu, hadari ya haɗo bai watse ba. Aka yi ruwa tun la'asar, muka fito tsakar gida muka tsaya a cikinsa, manya da yara, baki buɗe. Da gari ya waye ƙasa na ƙanshi, Inna ta kwance mabuɗi, muka sauke damin nan muka sussuke. Sai muka tsaya muna duban juna. Ga iri, ga gona ta jiƙu, babu namijin da zai yi sara.

Muka ɗauki ƙwarya muka tafi haka nan, ni da ita, da nufin mu yi abin da za mu iya. Muna isa muka tarar da mutum biyar a bakin gonar, kowa da sungumi a kafaɗa. Kofur ne da ragowar 'yan wasansa huɗu. Nasu gonakin na can na jira.

Inna ta ce, "Soja, ba ku da gona ne?"

"Muna da ita, Inna. Amma ɗan wasanmu ba ya nan, dole a tsare masa wurinsa. Ta ina za a fara?"

Ta nuna gabas da haɓa. Suka jera suka fara sara, mu kuma muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige. Kafin rana ta take mun kai ƙarshen gonar, ƙwaryata babu ko ƙwaya ɗaya a ciki.